Tanbihi a kan ramzi da rubutun ɓoye, da yadda ake kwance su

Ka sani, ya kai ɗalibi, mai karatun littattafan hannu ba ya daɗewa sai ya iso wurin da alƙalami ya ƙi yi masa magana. Haruffan duk ya san su tun yana babbaƙu, amma in ya haɗa su sai su ƙi ba da ma'ana, ko da Larabci ko da Hausa. Wani lokaci kalma ɗaya ce a baitin ƙarshe na waƙa. Wani lokaci harafi ne shi kaɗai a gefen warƙa. Wani lokaci kuma layi ne sukutum na lambobi a tsakiyar wata fa'ida ta magani. Ɗalibai da yawa tsallakewa suke yi. Wasu su ɗauka kuskuren mai kwafi ne su gyara, wannan kuwa ya fi tsallakewa ɓarna. Wasu su tsorata su ce surkulle ne, su ware warƙar daga ƴan'uwanta har ta ɓace. Na sa wannan tanbihi a nan domin waɗannan abubuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da hanyar kwance shi.

Mu fara da wanda ba a yi shi don ɓoyewa ba. Duk wanda ya karanci Shaɗibiyya ya san Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 590 bayan Hijira, ya ba kowane mai ƙira'a da masu ruwaya daga gare shi harafi guda. Alif na Nafi'u ne, ba na Ƙaluna, jim na Warshu. Nun na Asimu ne, sodi na Shu'uba, ain na Hafsu. Wau kuwa ya bar shi a matsayin shinge tsakanin mas'ala da mas'ala. Baƙon da bai san wannan ba zai karanta baitin ya ji ma'ana mai kyau, alhali saƙon yana cikin harafin farko na kalmomin. Amma Shaɗibi ya ajiye mabuɗin a farkon littafinsa, kowa ya ɗauka. Nufinsa taƙaitawa, don sunaye su shiga ma'aunin waƙa. Haka haruffan da ake gani a sharhohin Muhtasar na Halilu: ح Haɗɗabi ne, ق Mawwaƙi, تت Tata'i, عج Aliyu Ujhuri. Marubuci ya gaji da maimaita suna, takarda kuma da tsada.

Ramzin shekara shi ne wanda ya fi shafarmu. Mawaƙanmu na ajami sukan rufe waƙa da wata kalma wadda, in ka ba kowane harafinta adadinsa na abajada ka tara, za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. A nan ne nake roƙon ɗalibai su natsu, domin abajada biyu ce. Akwai ta Gabas, wadda ke cikin littattafan da ake bugowa daga Masar da Beirut, akwai ta Magariba, wadda malamanmu suka gada tare da ruwayar Warshu da fa mai ɗigo a ƙasa. Daga alif har nun, wato daga 1 zuwa 50, ba su saɓa ba. Bayan nan haruffa shida suka raba su. A wurinmu sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, zadi 800, angai 900, shin 1000. A wurin mutanen Gabas sin 60 ne, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, angai 1000. Wanda ya haddace aiƙash, bakar, jalas, damat bisa tsarin da ake koyarwa a zaure, to, na Magariba ya haddace, shi ya sa shin ya zo a ƙarshen kalmar farko. Shaɗibi ma, da yake mutumin Andalus ne, jerin nan ya bi wajen raba haruffansa, shi ya sa sodi ya biyo nun.

Ga misali na ƙirƙira don gwaji. A ce mawaƙi ya rufe da شرف. Da lissafinmu shin 1000, ra 200, fa 80, jimla 1280, wato 1863 zuwa 1864 na Miladiyya, zamanin Sarki Tanimu a Damagaram. Da lissafin Gabas shin 300 ne, sai jimla ta zama 580, lokacin da Shaɗibi kansa yake raye. Harafi ɗaya ya jefa waƙar shekara 700 baya. Saboda haka in ka ga ramzi da shin da ra a cikinsa, yi zaton ƙarni na 13 na Hijira, in ka ga shin da sin, na 14. Kuma kar ka tsaya kan yadda ake furta kalmar. Abin da aka rubuta ake ƙirgawa, harafi mai shadda ɗaya ne, wasali kuwa ba shi da adadi.

To, wannan duk ƙofa ce da aka tura, ba a kulle ba. Rubutun ɓoye na gaske shi ne wanda aka yi don wani mutum ɗaya ya gane, duk wanda takardar ta bi ta hannunsa a hanya kuwa ya kasa. Larabawa suna ce masa ta'amiya, daga asalin kalmar makanta, wato makantar da mai karatu. Abin da aka ɓoye shi ne mu'amma, fito da shi ba tare da mabuɗi ba kuma shi ne istihraji. Yaran da ke zaurance, suna cusa gaɓa a cikin kowace kalma don kada babba ya gane, ta'amiya suke yi da baki. Sarakuna da alƙalami suka yi tasu, domin wasiƙa tana tafiya da manzo, manzo kuwa ana iya tare shi, ko a saye shi.

Tun kafin Musulunci an san abin. Kaisar Yuliyas na Rum, wanda aka kashe shekara 44 kafin Miladiyya, yakan matsar da kowane harafi gaba da mataki uku. In ka yi haka da abajada, alif zai zama dal, ba ya zama ha, jim ya zama wau. Dabarar ba ta da ƙarfi. Da haruffa 28, matsawar da za a iya yi 27 ce kawai, mai haƙuri zai gwada su duka tsakanin azahar da la'asar. Sai mutane suka ce, to, a bar jeri, a ba kowane harafi alamar da aka ga dama. Yawan hanyoyin da za a iya raba alamomi 28 ga haruffa 28 adadi ne mai lamba 30 a jere, ba mai gwada su ko da ya yi tsawon ran Annabi Nuhu. Aka daɗe ana ganin an rufe ƙofa.

Mafi daɗewar littafin da ya iso mana a kan buɗe wannan ƙofa shi ne na Abu Yusuf Ya'aƙub ɗan Ishaƙ Alkindi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 3 na Hijira, zamanin Ma'amun da Mu'utasim. Sunansa Risala fi Istihrajil Mu'amma. An ce kafinsa Halilu ɗan Ahmad na Basra, mai ilimin aruli, ya yi littafi a kan mu'amma, amma bai tsira ba. Abin da ya saura shi ne wata hikaya, cewa an aiko masa da wasiƙa da rubutun Yunananci, ya keɓe da ita wata guda har ya karanta, da aka tambaye shi ya ce ya ƙaddara lalle da sunan Allah aka buɗe ta, sai ya gina a kan haka. Ni ban ɗauki hikayar a kan zahirinta ba, domin gane haruffa ba ya koya wa mutum harshe. Amma dabarar da ke cikinta sahihiya ce, kuma har yau ana aiki da ita: nemi kalmar da ka tabbata tana ciki.

Abin da Alkindi ya gano kuwa, alarammomi za su fi kowa saurin fahimtarsa. Mai ilimin harji ya san kalma kaza sau uku ta zo a Alƙur'ani, kaza sau bakwai, har yakan sa lamba a gefe don kada ya ɓata in yana rubutu da ka. Ya san ƙirga tana kama abin da ido ya tsallake. Alkindi ya ɗauki ƙirga ya kai ta kan haruffan harshe baki ɗaya. Ya lura kowane harshe yana da haruffan da ya fi so da waɗanda ba ya cika taɓawa, kuma wannan hali ba ya canzawa daga marubuci zuwa marubuci. Mai ɓoye rubutu yana iya sake wa alif kama, ya mai da shi zobe ko ƙugiya. Abin da ba ya iyawa shi ne hana alif yawan zuwa.

Hanyarsa ita ce, ka samo rubutu bayyananne na harshen da kake zaton an yi amfani da shi, kamar cikin warƙa guda, ka ƙirga kowane harafi, ka jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Sannan ka ƙirga alamomin rubutun ɓoye ka jera su haka nan. Sai ka gwada ta farko da na farko, ta biyu da na biyu. Shi da kansa ya yi ƙirgar a kan haruffa 3667, ya sami alif 600, wato kusan ɗaya cikin kowane shida. Lam ya biyo, sannan mim, ha, wau, ya, nun. Can ƙarshen layi akwai irin su sa mai ɗigo uku, da ɗa mai hannu, da angai, da zadi.

Kada ɗalibi ya ɗauka da zarar an jera shi ke nan an gama. Ƙirga tana ba ka haruffa biyu ko uku na sama da ƙarfin zuciya, na tsakiya kuwa adadinsu ya yi kusa da juna, sukan sauya wuri. Daga nan sai sanin harshe. Mu ce alamar da ta fi yawa tana kama da ƙugiya, mai bi mata tana kama da zobe, kuma ka ga kalmomi da yawa suna farawa da ƙugiya sannan zobe. Wannan alif da lam ne na ma'arifa, babu wani abu a Larabci da ke yin haka. Sai ka nemi kalma mai alama huɗu: ƙugiya, zobe, zobe, da wata. Mafi rinjaye sunan Allah ne, ka sami ha ke nan. Kalma mai alama biyu, zobe sannan ƙugiya, la ce. Wata alama sannan ƙugiya, in ta yawaita, ma ce ko ya. In ka zaci mim ne, duba ko akwai kalma mai alama biyu da ke farawa da ita ta ƙare da wata mai yawa, wannan min ce, ka sami nun. Duk harafin da ya faɗo hannunka sai ka bi warƙar ka rubuta shi a ƙarƙashin alamarsa ko'ina take. Da ka kai haruffa bakwai ko takwas, kalmomi za su fara cika kansu, kamar yadda gardi ke jin farkon aya ya ƙarasa. In wani zato ya kai ka ga kalmar da babu ita, ka koma baya ka goge. Saboda haka a allo ake wannan aiki, ba a jikin littafin ba.

Alkindi ya ƙara da wani abu mai daɗi, wato haruffan da ba su zama wuri ɗaya. Jim da ƙaf ba su haɗuwa a asalin kalmar Larabci, haka jim da sodi. In zatonka ya sa su maƙwabtaka, ka tuhumi zatonka. In kuma abin da aka ɓoye waƙa ce, aiki ya yi sauƙi, domin ƙafiya tana maimaita harafi ɗaya a ƙarshen kowane baiti, ma'auni kuma yana gaya maka inda ɗauri zai faɗa.

Waɗanda suka zo bayansa sun ƙara. Ibnu Adlan, haifaffen Mausil, wanda ya rasu a Alƙahira a 666, ya rubuta wa Sarki Ashraf littafi a kan fannin, ya ce rubutun da za a kwance da ƙirga ya kamata ya kai haruffa 90 ko kusa, wato ninki uku na yawan haruffa. Ƙasa da haka ƙirga ba ta da abin kamawa. Ya kuma nuna aikin ya fi tsanani in mai ɓoyewa ya ɓoye rabuwar kalmomi. Sai Ibnud Duraihim, shi ma ɗan Mausil, wanda ya rasu a 762, mai Miftahul Kunuz. Daga gare shi Ƙalƙashandi ya ciro abin da ya sa a Subhul A'asha, babban littafin nan na aikin magatakarda da ya kammala a Masar a 814.

Dabarun da Ibnud Duraihim ya tara su ne za ka fi cin karo da irinsu a gafakar kakanni. Akwai juya kalma, Umar ya zama ra, mim, ain. Akwai musayar haruffa biyu-biyu, wannan ya zauna wurin wancan. Akwai rubuta adadi maimakon harafi, Umar ya zama 70, 40, 200. Akwai wadda ta fi burge ni, a fasa harafi gida biyu: mim 40 ne, sai a rubuta lam da ya, wato 30 da 10. Wayon da ke ciki shi ne, a wani wuri kana iya rubuta kaf da kaf, 20 da 20, sai mim ɗaya ya fito da fuska biyu, ƙirgar Alkindi ta fara rikicewa. Akwai kuma ba kowane harafi sunan tsuntsu, ko ɗan itace, ko ɗaya daga manzilolin wata, waɗanda su ma 28 ne cif kamar haruffa. Ibnu Haldun ya ambaci magatakardan sarakuna suna yin irin wannan da sunayen turare da furanni. Ƙalƙashandi ya kawo har da ɓoye tawadar kanta, a rubuta da ruwan albasa, takarda ta bushe fara fat, sai an kanga ta da wuta rubutu ya fito. A Maroko ma, Sultan Ahmad Mansur, wanda rundunarsa ta ci Songai a 1591, yana da nasa haruffan da ya ƙirƙira don wasiƙun asiri.

Yanzu ga abin da ya sa na tsawaita. Wanda ya ɗauki jerin Alkindi ya ɗora a kan ajamin Hausa zai ɓata tun daga mataki na farko. Ba mu da alif da lam na ma'arifa, wannan babbar ƙofa a rufe take. Sannan haruffan da Larabci ya mayar ƙarshen layi, mu mun ba su aiki mai yawa. Sa mai ɗigo uku shi muke rubuta ce da cikin da shi. Angai shi ne na ga da gida da gari. Ɗa mai hannu shi ne na ɗa da ɗaya da kaɗan. Jim da ƙaf da aka ce ba su haɗuwa, ga su nan zaune lafiya a cikin jiƙa. Ƙananan kalmominmu, da, na, ta, ya, ba, ka, harafi ɗaya ne da wasali, marubuta kuma sukan manne su jikin kalmar da ke biye, har su yi kama da farkonta. Alkindi bai ce a yi aiki da jerinsa a kowane harshe ba, cewa ya yi a ƙirga daga harshen da ake nema. Ni kuwa zan ƙara, a ƙirga daga hannun yankin da ake nema, domin yadda mutumin Tawa ke rubuta kalma ba lalle ya zama yadda na Damagaram ke rubuta ta ba, musamman wajen dogon wasali. Warƙa biyu ko uku na bayyanannen rubutu daga gafaka ɗaya sun fi jerin da aka ɗauko daga nesa amfani.

In kuwa abin da aka ɓoye kalma ɗaya ce, kamar sunan saiwar da malami ba ya so kowa ya sani a cikin fa'idar magani, ka'idar Ibnu Adlan ta gaya maka ƙirga ba za ta yi ba. Sai ka gwada masu sauƙi bi da bi. Mai da lambobi haruffa da abajadar Magariba. Karanta daga hagu. Tara su biyu-biyu. Sannan ka duba abin da jimlar ke nema, in an ce a jiƙa, ko a daka, ko a turara, ka rage yawan abin da zai iya zama. Kuma ko ka kwance, kada ka sha abin da ka karanta sai ka tambayi masu sanin itatuwa, domin harafi ɗaya na iya raba magani da guba.

Turawa sun iso ga wannan ƙirga daga baya, kuma ta ci rai. A 1586 aka kama wasiƙun Sarauniya Maryamu ta Sikotilan, waɗanda ake fitarwa a ɓoye cikin gangar giya daga inda take tsare a Ingila. An kwance alamominta, aka sami yardarta ga makircin kashe Sarauniya Elizabet, aka sare kanta a 1587. Tun kafin haka, wajen 1467, wani Ba'italiye, Alberti, ya kawo maganin ƙirga, wato a riƙa sauya jerin alamomi a tsakiyar wasiƙa, har harafi ɗaya ya fito da fuskoki da yawa. Tsarin da ya ginu a kan haka, wanda ake jingina wa Bafaranshe Bijinar, ya daɗe ana ganin ba ya kwantuwa, sai a 1863 wani hafsan sojan Jamus, Kasiski, ya buga hanyar. Ya auna tazarar da ke tsakanin gungun alamomin da suka maimaitu, ya gano tsawon mabuɗin, ya raba wasiƙar kashi-kashi, kowane kashi ya koma irin wanda Alkindi ya riga ya yi magani. Tsare-tsaren da ke kulle saƙonnin waya a yau, burin masu gina su shi ne rubutun ya fito babu alamar da ta fi wata yawa, babu kuma wadda ke son zama kusa da wata. Risalar Alkindi kanta ta daɗe kwance a ɗakin littattafan Sulaimaniyya na Istanbul, sai a 1987 wasu malamai uku suka tace ta suka buga a Dimashƙa tare da ta Ibnu Adlan da ta Ibnud Duraihim.

Game da kwafi, in ka iso irin wannan wuri, ɗauke shi yadda yake. Kada ka ƙara ɗigo, kada ka sa wasali, kada ka haɗa abin da aka raba ko ka raba abin da aka haɗa. In da jar tawada aka yi, ka faɗi haka, domin sau da yawa launin ne ke nuna iyakar haruffan da za a ƙirga. Lambobi kuma ka bar su da siffarsu, kada ka mai da su na boko. Abin da ka fahimta ka rubuta shi a gefe, ka ambaci abajadar da ka yi lissafi da ita.